Sabar imel (kwamfutar da ke kai da karɓar saƙon imel) mai aika saƙo da kanta: wace manhaja za a ɗora?

A nan Gombe, makaranta ko asibiti ko babban shago sukan so kwamfuta ta riƙa aika rasit da sakamakon jarrabawa da tunatarwa ta imel, ba sai wani ya zauna yana dannawa ba. Kafin a fara saukar da manhaja, a tantance aikin: aikawa kawai ake so, ko har da akwatunan saƙo na ma'aikata?

In aikawa ce kawai, Postfix ya wadatar. Wietse Venema ne ya rubuta shi, ya fito a 1998, kuma ba ya cin RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) da yawa; sabar haya mai giga ɗaya tana ɗaukarsa. In saƙo ya ƙi shiga, yakan ajiye shi a layi ya yi ta gwadawa har kwana 5 kafin ya mayar wa mai shi. Masu aika sanarwa ga dubban mutane su haɗa shi da listmonk, wanda ke riƙe sunayen masu rajista a PostgreSQL, manhajar adana bayanai.

Akwatunan saƙo kuwa sai an ƙara Dovecot mai ba ma'aikata damar buɗe akwatunansu, da Rspamd mai tace saƙonnin banza. Wanda ba ya son haɗa su ɗaya bayan ɗaya, akwai Mail-in-a-Box da iRedMail da mailcow, waɗanda ke haɗa maka komai lokaci guda. Shi mailcow shafin sarrafa shi na da daɗin aiki, amma yana neman RAM giga 6, ClamAV, mai binciken virus a cikinsa, kaɗai na lashe sama da giga guda. Ga ofis mai mutum goma, a ganina ɓarnar dala ce.

Abin da ke kayar da mutane ba manhajar ba ce, inda aka ajiye ta ne. Kada a kuskura a sa sabar a ƙarƙashin tebur a ofis. Ba ma maganar ɗaukewar wuta da zafin watan Afrilu ba: layin data na waya adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) ɗaya ake raba wa jama'a da yawa, ba a ba ka ikon saita PTR (bayanin da ke haɗa adireshin IP da sunan sabarka), kuma irin waɗannan adireshin galibi suna cikin jerin PBL na Spamhaus, wato jerin adireshin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Saƙo zai fita lafiya, Gmail ya ƙi karɓa.

Sabar hayar ma a yi tambaya kafin a biya. Google Cloud ya toshe ƙofa ta 25 mai fita (port 25, wadda sabobin imel ke miƙa wa juna saƙo ta cikinta), a sabar hayar Amazon EC2 kuwa sai an cike takardar roƙo kafin a buɗe ta. In an toshe, a saita relayhost (sabar da za ta aika a madadinka) a Postfix ya miƙa saƙo ta ƙofa ta 587 ga kamfanin da sana'arsa ke nan, kamar Amazon SES.

Sai DNS, wato rajistar bayanan domen ɗinka (sunan da ke bayan @ a adireshin imel), ko .ng ne ko .com, inda za a sa bayanai uku. SPF ya faɗi sabar da ke da izinin aikawa, kuma layi ɗaya tak ake yi. In suka zama biyu, duka sun lalace. DKIM, mai sa hannu a kan kowane saƙo, a yi masa makulli mai bit 2048. DMARC, mai faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajin SPF da DKIM, a fara da p=none (kada a hukunta saƙon), a karanta rahotannin, sannan a tsaurara. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta duk ukun ga mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail, da maɓallin fita daga rajista na dannawa ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa cewa saƙon banza ne kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari.

Sabon adireshin IP ba a san shi ba, don haka ranar fitar da sakamako kada a saki saƙon iyaye gaba ɗaya. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin makonni, ana leƙa /var/log/mail.log, fayil ɗin da ake rubuta abin da ya faru da kowane saƙo. Inda aka ga status=deferred, wato an jinkirta saƙon, dalilin na rubuce a ƙarshen layin.