Butocin shayin da suka kai ni Hanley

Daga tashar Euston ta Landan jirgin ƙasa ya ɗauke ni, cikin kamar awa ɗaya da rabi sai ga mu a Stoke-on-Trent, garin maginan tukwane na Ingila. Ana yayyafi. Ban tsaya ko'ina ba sai gidan tarihin tukwane da ke Hanley, don butocin shayi na zo gani.

Ƙanƙantarsu ce ta fara ba ni mamaki. Wata ba ta fi dunƙulen hannuna biyu ba, domin a zamanin da aka yi su, ƙarni na 18, ganyen shayi kayan masu hali ne. Sai a 1784 aka sauke harajinsa daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12 da rabi.

Na fi daɗewa a gaban irin wadda ake dangantawa da Thomas Whieldon, maginin da Josiah Wedgwood, shahararren maginin tukwanen Ingila, ya yi haɗin gwiwa da shi daga 1754 zuwa 1759. Da soso ake ɗiɗɗiga mata launi: ma'adinin manganis ya ba da ruwan ƙasa, tagulla ta ba da kore. Sai a lulluɓe ta da ruwan dalma a sa a wuta, launukan su narke su gangaro cikin juna kamar bayan kunkuru. Ba biyu da suke fitowa iri ɗaya. Mariƙinta da bakinta an yi su kamar reshen itace, har da gaɓoɓinsa. Na sunkuya har numfashina ya dushe gilashin. Akwai masu siffar farin kabeji da abarba, na wajen 1760, sun yi kyau, amma a idona ba su kamo ƙafar mai bayan kunkurun ba.

Maginan farko garin dutsen dalma suke barbaɗawa a jikin yumɓu, dutsen nan da ake niƙa kwalli da shi. Daga baya aka koma tsomawa cikin ruwansa, masu tsomawar kuwa gubar ta riƙa cin su, hannu ya shanye daga wuyansa. Nan take yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 suka faɗo mini a rai, jikina ya yi sanyi.

Da la'asar na ƙarasa Longton, na shiga cikin wani tsohon murhun gashi mai siffar kwalba a gidan tarihi na Gladstone. Na shafa bulon, har yanzu baƙi ƙirin yake da hayaƙi.