Miƙaƙƙen layi mai haifar da lanƙwasa: inda aikina ya kai

'Yan uwa masu koyo, ga inda na tsaya a wannan zango. Na jingine shimfiɗa takarda a ƙasa ina rawa a kanta da gawayi a hannu biyu. Aikin yana da daɗi, yana kuma nuna wa mutum iyakar inda hannunsa ke kaiwa, amma abin da yake bari sawu ne kawai. Ka miƙa wa wani takardar ka ce ya taka rawar, ba zai iya ba, don ba ta faɗi inda aka fara ba, balle saurin da aka yi. Ni yanzu zane guda nake nema wanda jiki zai karanta, murya ta karanta, a kuma tayar da shi tsaye ya zama bango ko rufi.

Aikin Iannis Xenakis ne ya ɗora ni a kan wannan hanya. Ɗan Girka ne da ya karanta injiniyanci, ya yi aiki a ofishin mai zanen gine-gine Le Corbusier a Faransa daga 1947 zuwa 1959, yana kuma tsara kiɗa. Tsakanin 1953 da 1954 ya tsara wani kiɗa mai suna Metastaseis, kuma a takarda mai gida-gida ya zana sautin: lokaci a kwance, kaifin sauti a tsaye. Masu kayan tsirkiya 46 ne a ciki, kowa da layinsa. Layukan miƙaƙƙu ne, wato sauti na zamewa sama ko ƙasa ba tare da tsalle ba, amma da suka taru suka giggitta juna sai lanƙwasa ta fito. Da irin wannan tunanin ya zana rumfar kamfanin Philips a baje kolin duniya na 1958 a Beljiyam, wadda bangonta ke murɗewa alhali daga miƙaƙƙun layuka aka fitar da siffarsa.

Kada ku tsaya ga kallon hotonta, ku gwada da hannunku. Na samu sanda biyu masu tsawo ɗaya, na kafa wa kowacce ƙusa 12 da tazara daidai, na ɗaure zare daga ta farko zuwa ta farko, ta biyu zuwa ta biyu, har ƙarshe. A kwance ba abin kallo. Sai ka riƙe sanda ɗaya cak, ka murɗa ɗayar a hankali a cikin iska. Nan take shimfiɗar ta lotsa ta wani gefe ta tasa ta wani, kamar sirdi, kuma ba zaren da ya lanƙwashe ko ɗaya. Ku lura da wani abu: in zaren ɗinki ne, na bakin-baki za su ɗame, na tsakiya su saki su yi lilo, domin murɗawar tana nesanta ƙusoshin gefe fiye da na tsakiya. Zaren roba ne maganin wannan.

Daga nan na kwafe layukan a takarda na rera su. Na naɗi muryata a waya, layi bayan layi, na ɗora su a kan juna. A nan wahalar take. Maƙogwaro ya saba da hawa mataki-mataki, yana son ya huta a kan sautin da ya sani, alhali layin yana cewa zame kawai, kada ka tsaya. Amma ladan ya fi wahalar. Idan murya biyu suka kusanci juna, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, za ka ji sautin yana ɓari da sauri, ɓarin ya riƙa raguwa, ya ɗauke daidai lokacin da suka haɗu, sannan ya dawo bayan sun rabu. Wurin da zare biyu suka gitta a takarda ke nan, kunne ya same shi ba tare da ido ba. Na daɗe ban ji abin da ya faranta mini rai a aikin nan kamar wannan ba.

A jiki kuwa, hannu ne zaren. Miƙe shi daga kafaɗa zuwa kan yatsa, ka ɗaga shi kana juya ƙugu, za ka zana lanƙwasar nan a iska. Gwiwar hannu za ta so ta karye don ta sauƙaƙa maka, ka hana ta. Don in san daga ina zuwa ina, na ari dabarar Trisha Brown, 'yar Amurka mai tsara rawa. A aikinta Locus na 1975 ta ƙaddara akwati mai kusurwa takwas kewaye da mai rawa, ta sa masa ɗigo 27, wato 26 na haruffa da guda a tsakiya. Ni lamba na ba ɗigogin, don haka kowane layi a takardata yanzu yana da lamba biyu, mafari da maƙura, da yawan bugun da zai ci. Na ba wata abokiyar koyo takardar ban ce mata uffan ba, ta tashi ta taka, kuma na gane rawata a jikinta duk da cewa ta fi ni tsawon hannu.

Ɗakin ma yana da ta cewa. Kafin in fara nakan zagaya ina tafi. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, in babu kaya a jikinsu, tafin kan yi wata 'yar ƙara mai karkarwa. A lungu kuma murya mai kauri ƙaruwa take yi. Saboda haka layukan da ke sauka ƙasa a lungu nake ƙare su, jiki da murya tare.

Abin da ya rage mini shi ne nauyi. Takardata tana faɗin wuri, tana faɗin lokaci, amma ba ta bambanta hannun da aka jefa da wanda aka ja da ƙyar. Na fara danna gawayin inda nake son ƙarfi, in sassauta inda nake son laushi. Murya ta karɓa, kaurin layi ya zama ƙarfin sauti. Jiki ma ya karɓa. Samfurin ginin da nake yi da kwali da tsinke ne ya ƙi, domin da na kaurara tsinken a inda gawayi ya yi duhu, gefen ya rinjayi ɗan uwansa, rufin ya karkace. Yanzu ina gwada matso da tsinkayen kusa da juna a maimakon kaurara su, in ga ko yawa zai yi aikin kauri. Duk wanda ya taɓa warware wannan a nasa samfurin, don Allah ya gaya mini tazarar da ya bari.