Dambatta da Dambazawa

Ta'aziyya ce ta kai ni wani ƙauye a ƙasar Dambatta. Bayan la'asar wani dattijo ya ja ni muka zaga gonaki, yana nuna mini iyaka: nan layin gamba, can wata tsohuwar tsamiya. Ya ce, "Ɗana, daga tsamiyar nan zuwa fadama, a zamanin kakanmu duk gandun sarauta ne." Babu takarda ko ɗaya a hannunsa, amma ya san wanda ya gada, wanda aka ba aro da wanda ya saya.

Dambazawa Fulani ne da suka yi jihadi a Kano ƙarƙashin Malam Dabo Dambazau, har 1807 da birni ya faɗa hannun masu jihadi. Sarautar Sarkin Bai ta gidansu ce, kuma suna cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Yankin Dambatta bai zo musu a sauƙaƙe ba, sai da aka gwabza da Ɗan Tunku, wanda daga baya ya kafa Kazaure. Marigayi Sarkin Bai Mukhtar Adnan ya riƙe sarautar tun 1954 har rasuwarsa a 2021, Allah ya jiƙansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tarihin hakimai yana rubuce, amma na talakawa da bayin da suka nome gandayen nan yana bakin tsofaffi kaɗai. Dokar filaye ta 1978 ta mai da ƙasa hannun gwamna, ga gado yana ta yanyanka gonakin. 'Yan Dambatta, don Allah ku ɗauki waya ku naɗi muryar kakanninku tun suna raye.