Talata a cikin dutsen Gran Sasso

Da sanyin safiya mota ta kwashe mu daga Assergi, muka kutsa ramin babban titin da ya huda dutsen, a tsakiyarsa muka karkata zuwa wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe. Hular kwano a ka, rigar sanyi a jiki, ga laima ko'ina. Dutse mai kaurin mita 1400 ne a bisa kanmu, kuma don shi Italiya ta haƙa ɗakin gwajin kimiyyar fiziks a nan ƙarƙashin ƙasa, domin yana rage barbashin da ke zubowa daga samaniya wajen ninki miliyan.

Abin da ake dako a nan yana da ban mamaki. A cibiyar ƙwayar zarrar sinadarin jamaniyam-76, nutron ɗaya (barbashi mara caji) ba zai iya rikiɗa ya zama furoton (barbashi mai caji) ba, don asenik-76 da za a samu ya fi jamaniyam ɗin nauyi. Kamar mai tsallaka rafi ne da ya tarar dutsen tsakiya ya yi masa tsawo, dole ya daka tsalle ɗaya zuwa ƙetare. Sai nutron biyu su rikiɗe a tare, a samu seleniyam-76, elektron biyu su fice da antinutrino biyu, wato kishiyoyin nutrino, wani barbashi mara caji mai ɗan ƙanƙanin nauyi. Maria Goeppert-Mayer ta lissafa yiwuwar haka tun 1935, amma sai 1987 Michael Moe da abokan aikinsa suka gani kai tsaye a Amurka, a seleniyam-82.

Wannan an riga an sani. Wanda ake farauta shi ne wanda elektron biyun za su fito su kaɗai. Idan antinutrino sun fita, suna tafiya da wani kaso na kuzarin, sai jimillar ta elektron biyun ta warwatse, yau kaɗan gobe da yawa. Idan babu su, komai zai taru wuri guda, a keV 2039 (keV ma'aunin kuzari ne). Ganin wannan tsinin a jadawalin kuzari zai gaskata Ettore Majorana, wanda ya kawo a 1937 cewa nutrino na iya zama kishiyar kansa.

Yinin yau a gaban kwamfuta na yi shi, ina duba bayanan saita na'urori da aka ɗauka da toriyam-228. Layinsa na keV 2615 ya fito siriri, tsaf, har na ji daɗi. Yankin 2039 kuwa a rufe yake, ba mai leƙawa sai an gama tsara ƙa'idojin tacewa. Wannan doka ta burge ni, don ido yakan ga abin da zuciya ke so.

Wajen cin abinci wata abokiyar aiki ta ba ni labarin maƙwabtanmu na gwajin CUORE: dalmar da suka kare na'urarsu da ita daga wani jirgin ruwan Rumawa aka tsamo ta, wanda ya nutse kusa da Sardiniya shekara kusan dubu biyu da suka wuce. Daɗewa ta sa tururin nukiliyarta ya mutu.

Bayan isha'i Yaya ya kira.

"To malam, kun gani kuwa?"

"Tukuna, Yaya."

Na ce masa gwajin GERDA, wanda aka yi a nan da jamaniyam-76, ya kammala bai gani ba, amma a 2020 ya nuna in ma abin na faruwa, rabin jamaniyam ɗin ba zai ƙare ta wannan hanya ba sai bayan shekarun da suka haura 1 mai sifili 26 a gabansa. Sararin samaniya gaba ɗayansa shekara biliyan 13.8 gare shi. Ya yi dariya ya ce Allah Ya ba da haƙuri, na ce amin. Gobe aikin dare gare ni.