Takardar jinin akun Baba

Akun nan ta Baba ce, Allah ya jiƙansa, kuma har yau da muryarsa take yin sallama. Shi ya sa ranar da na tarar da ita a ƙasan keji tana karkarwa, ƙafafu a sanƙare, ban tsaya jin shawarar kowa ba, na naɗe ta a tawul sai wajen likitan dabbobi.

Sikeli ya fara ɗora ta: giram 430. Ya ce jinin da ake ɗiba a jikin lafiyayyen tsuntsu ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, ita kuwa da take kwance ko rabin haka ba zai ɗiba ba. Jijiyar wuya ta dama ya soka, wai ta fi ta hagu kauri.

Ni na je na karɓo sakamakon, a ɗakin gwajin mutane kuma aka yi. Sukari 290, an ja masa jan layi. Hajiyarmu na fama da ciwon sukari, na san abin da lambar nan take nufi. Kwana na yi ina juyi, ina tunanin ta ina ake yi wa aku allurar insulin.

Da safe likita ya duba takardar ya yi dariya. "Malam, ai ma'aunin ɗan Adam suka buga maka. Sukarin aku tsakanin 200 da 400 yake yawo, lafiyarsa ke nan." AST, sinadarin da ake duba lafiyar hanta da shi, ma ya ɗan hau, na ce to hanta ta taɓu. Ya ce in yi haƙuri, wannan sinadarin tsoka ma tana fitar da shi, ya nuna mini CK, sinadarin da ke nuna rauni a tsoka, da ya hau tare da shi: faɗuwar da ta yi ce, da kokawar da muka sha wajen riƙe ta. Ƙoda kuwa yurik asid ake dubawa a tsuntsu, wato farin nan da ke cikin kashinsa, nata daidai yake.

Sai ya ɗora biro a kan layin da ban ko kalla ba. Kalsiyam 6, alhali bai kamata ya gaza 8 ba. Ya ce akun Afirka mai jan wutsiya ta yi suna da wannan matsalar, har farfaɗiya take sa ta.

"Me take ci?"

Gyaɗa.

"A ina kejinta yake?"

A falo, jikin tagar gilashi. Ashe gilashi yana tare hasken ranar da jiki ke haɗa bitamin D da shi, idan kuma babu shi, kalsiyam ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Baba kullum da hantsi yakan fito da kejin tsakar gida. Ni na ɗauka hira kawai yake so.

Yanzu tana shan hantsi, ga maganin kalsiyam, ga zogale da dakakken ɓawon dafaffen ƙwai. Zogalen dai da baki take ɗauka ta wurgo mini, sannan ta yi gyaran murya irin na Baba ta ce a kawo gyaɗa.