Abin da tsohon mai wankin Bagauda ya koya mini

Da malaminmu ya ce kowa ya zaɓi wani tsohon gini a yankinsu ya rubuta tarihinsa, ban ɓata lokaci ba na ce otal ɗin Bagauda. Ni ɗan Bebeji ne, tun ina yaro nake jin labarinsa, sai na ɗauka aikin sati guda ne.

A takarda abin bai da tsawo. Audu Baƙo, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina shi a bakin ruwan Bagauda, a zamanin da ake aikin madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Yau makarantar horas da lauyoyi ce a wurin. Shafi biyu na cika, alƙalami ya tsaya cak.

Kawuna ne ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi wanki da guga a otal ɗin. Ranar farko na kwafsa. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ajiye waya a gabansa zan ɗauki murya. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ɗan jarida ne kai ko ɗan sanda?" Daga nan ban samu komai ba sai e da a'a.

Da na koma da goro, na zauna a kan tabarma har muka yi La'asar tare, sai baki ya buɗe. Ya ba ni labarin mutanen ƙauye masu kawo kaji da ƙwan zabi kicin, da angwaye daga birni, da yadda yake gane babban baƙo daga ƙamshin turaren da ya kama zanen gado. Sai dai Baba ba ya lissafi da shekarun boko. Zai ce "bayan canjin hannu", ko "lokacin da aka canza kuɗi". Dole na je na bincika: a 1972 motoci suka koma hannun dama, a 1973 naira ta maye gurbin fam. Da waɗannan na riƙa jera labaransa, kuma sun fi zama daram fiye da wasu abubuwan da na kwafo a intanet.

Kafin in miƙa aikin na karanta masa. Da na zo inda na rubuta cewa da dutsen guga na gawayi yake aiki, sai ya ɗaga hannu. "Wa ya gaya maka? A Bagauda? Na lantarki ne, ɗan nan. Goge wannan."