Inda na kai a koyon gashin kek babu ƙwai babu madara

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Tun da likita ya tabbatar cewa jikin autarmu ba ya karɓar ƙwai da madarar shanu, muka yanke cewa duk abin da zai shiga tanda a gidan nan sai wanda kowa zai iya ci. Ba na son yarinya ta zauna tana kallon yayyenta suna lasar yatsa. Burodi bai ba ni wahala ba, tunda asalinsa fulawa ne da ruwa da yis da gishiri. Kek ne ya tsaya mini a gaba.

Madara ta fi sauƙin musanyawa. Ta waken soya tana shiga madadinta awo da awo, bota kuma man girki yana maye gurbinta, sai dai a rage, kamar kashi uku cikin huɗu na abin da aka rubuta. Amma ku kula da madarar da aka ce babu laktos a cikinta. Sukarin madara kawai aka taɓa, furotin ɗin da ke tayar da borin jini yana nan daram. Haka madarar akuya da ta tumaki, furotin ɗinsu ya yi kama da na shanu ƙwarai, ba mafita ba ce.

Ƙwai kuwa aiki uku yake yi a kwaɓi: yana haɗe shi, yana taimaka masa ya tashi, yana ba shi laushi. Babu abu guda da ke yin ukun, don haka sai mutum ya duba wanne kek ɗinsa ya fi bukata. In haɗewa ake nema, babban cokali 1 na garin 'ya'yan filaks (wasu ƙananan ƙwayoyi masu mai, flaxseed a Turance) a babban cokali 3 na ruwa, a bar shi ya yi yauƙi, ya tsaya a matsayin ƙwai guda. A biskit ya yi mini kyau sosai. In tashi ake so, ƙaramin cokali 1 na bekin soda da babban cokali 1 na ruwan khal, a zuba a ƙarshe a kuma hanzarta kai shi tanda kafin kumfar ta kwanta. Wannan ne ya ba ni kek ɗin cakulet da mutanen gidan suka daina tambayar me ya rasa. Dakakkiyar ayaba tana kawo laushi, amma ƙamshinta sai ya danne komai, ni dai na ajiye ta gefe.

Sai dai fa, sauya kayan haɗi shi ne ƙaramin aikin. Babban yana wurin kayan girkin kansu. Cokalin katako, rariya, maburgi da kaskon da ya karce duk suna riƙe ragowar abinci a lungunan da ido ba ya gani, kuma ɗan abin da bai kai ya kawo ba ya isa ya tayar da hankali. Na ware mata nata kayan masu launi daban, har da soson wanke-wanke. Nata abincin ake fara yi, a rufe, a sa a kantar sama ta cikin firji inda babu abin da zai ɗigo masa. Yayyen sun san in sun ci wani abu a waje, sabulu da ruwa ne kafin su taɓa ta. Man tsaftace hannu mai barasa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire furotin. Akwai yaran da ke iya cin ƙwai in an gasa shi sosai cikin fulawa, gaskiya ne, amma gwajin nan a gaban likita ake yinsa, ba a kicin ɗina ba.

Karatun kwali ma darasi ne mai zaman kansa, kuma kowane saye sai an sake, don kamfani kan canza haɗi ba tare da ya canza kamannin kwalin ba. Madara tana ɓuya da sunan casein ko whey, ƙwai da sunan albumin. Majarin da baƙin cakulet, waɗanda mutum zai rantse babu madara a cikinsu, sau da yawa akwai. Doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Amurka ta wajabta bayyana abubuwa 9 masu tayar da borin jini tun da aka ƙara riɗi a Janairun 2023, Tarayyar Turai 14. Gargaɗin nan na cewa mai yiwuwa wani abu ya gauraya a masana'anta kuwa, a wurare da yawa ganin damar kamfani ne ya rubuta. Rashinsa a kwali bai nuna komai ba.

Allurar adirenalin, wadda ake yi wa mutum in borin jini ya tsananta, guda biyu suna tare da yarinyar duk inda ta sa ƙafa, ba a firji ba, ba a motar da ta sha rana ba. Awon da aka saba shi ne miligiram 0.15 ga mai nauyin kilo 15 zuwa 30, da 0.3 ga wanda ya haura, amma likita ke yankewa. In numfashi ya fara sarƙewa, ko murya ta dishe, ko jiri ya kama ta, a gefen cinya ake dannawa ko da ta kan tufafi ne, a kwantar da ita, a kira agajin gaggawa. In bayan minti 5 babu sauƙi, sai ta biyu. Ko ta warware sai an je asibiti, domin abin yakan dawo bayan wasu sa'o'i. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro. Kowa a gidan, har babansu, ya gwada hannunsa da allurar koyo wadda ba ta da tsini.

Abin da ya rage mini shi ne kek mai sakayau, irin wanda ƙwai huɗu ko biyar ke ɗauke da shi. Ina gwada ruwan gwangwanin waken cikpi (chickpea a Turance), babban cokali 3 madadin ƙwai guda. Yana buguwa ya yi kumfa fari tas, amma tsakiyar kek ɗin tana zama da zarar ya huce. Ina zargin zafin tanda ne, don haka zan rage wuta in ƙara lokaci, in kuma koma ƙaramin kasko. Wanda nasa ya tsaya, ya gaya mini awon fulawar da ya yi amfani da shi.